Geron da Ya Ƙone

Gabas da Sandamu, a gonar Mati Na-Goje,
na kafa turaku huɗu, na ja igiya,
na ce wa ƙasa: daga nan zuwa nan zan tambaye ki.
Mati ya ce, "Hurera, tambaye ta da sauri,
ran da hadari ya haɗo, gonata nake so."

Ubana mahaƙin rijiya ne.
Da na faɗa masa abin da zan karanto a Zariya
ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Wato rijiya za ki haƙa, ki tsaya kafin ruwa?"
Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tsayawa kafin ruwa.

Taki ɗaya a mako, wani makon ko rabi.
Cokalin magini, burushi, rariya,
da Ilu mai ɗaukar kwanon sarki
wanda ke rantsuwa zinariya nake ɓoye masa.
A sama mun sami marfin kwalba da ƙashin akuya.
Ƙasa da haka, kashin tama, baƙi ƙirin.
Ƙasa kuma, shiru,
shiru mai kaurin kamu biyu,
har na fara rubuta wa ofis cewa babu.

Sai gatarin aradu.
Tsofaffi suka ce tsawa ce ta jefo shi.
Ban yi musu ba. Na dai juya shi a tafi,
na ga inda wani ya zauna ya wasa bakinsa
kwana da kwanaki, yana hura ƙurar dutse.

Daren Laraba wasu suka zo da diga.
Ba su sami abin sayarwa ba,
suka bar mini shekara ɗari biyar a cakuɗe
kamar an zuba wake cikin shinkafa.
Na zauna bakin ramin ban yi kuka ba,
Ilu ne ya yi.

A kusurwar da digarsu ba ta kai ba
duwatsu uku suka fito, da toka tsakaninsu,
da gindin tukunya a kife.
Na ɗaga shi da numfashina a riƙe:
gero ne, ƙonanne, tsaba goma sha tara.

Wata ta ɗora sanwa a nan ta manta.
Ko yaro ne ya faɗi, ko baƙo ya yi kira daga nesa,
ko hira ce kawai ta yi daɗi, ban sani ba.
Abin da ta dafa daidai, an cinye, ya ɓace.
Kuskurenta kaɗai ya iso gare ni.

Na aika tsaba uku ƙetare a ɗan ambulan.
Wata goma sha huɗu kafin amsa ta zo,
lamba ce, da wata ƙaramar lamba a gefenta
mai cewa: ko sama da haka, ko ƙasa.
Tun kafin ganuwa, tun kafin sunan garin.
Na karanta wa Mati. Ya ce, "To,
ashe tun can gonar nan gero take so."

Yanzu gwiwoyina sun ƙi tsuguno,
gara ta ci rabin takardun da na liƙa wa tsingaro,
fansho sai baɗi, in an sa hannu.
Ɗalibata Tasalla ta fi ni ido,
ita na bar wa kusurwar arewa ban taɓa ba.

Jiya gabas ta yi baƙi.
Muka shimfiɗa leda, muka mai da ƙasa,
kwano bayan kwano, abin da muka cire a shekara shida
ya koma kafin la'asar.
Na jefa sabon kwabo a ciki
don wanda zai zo ya san an riga shi.

Da na koma gida na tarar da tuwona ya kama.
Na daɗe ina kallon ƙanzon
ban kankare ba.