Lamba Goma Sha Biyu

A gwangwanin biskit na Goggo Loveday na same ta,
ƙarƙashin maɓallai da rasit na gawayi:
takardar saƙa da ta koma launin shayi,
hoton hular jariri, a kusurwa kuɗinta, sisi.
Ta ce, ulu mai sili uku,
kwarashi lamba goma sha biyu.

Ni mai awo ce.
Shekara ashirin da ɗaya ina bakin sikeli
a kasuwar kifi ta Newlyn, tun gari bai waye ba.
In dubi akwati in faɗa maka nauyinsa.
Lamba ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.
Sai na sayo goma sha biyu, na milimita,
mai kaurin yatsan Denzil mai kamun ƙaguwa.

Dare huɗu.
Abin da ya fito daga hannuna
ba na kan ɗan mutum ba ne,
sai dai a jefa shi teku a jira rabo.
Kerensa ta shimfiɗa shi kan cikinta na wata takwas,
ta yi dariya har da dafa firiji:
"Mama, me kike zaton zan haifa?"

Matambayi ba ya ɓata.
Na hau bas zuwa Penzance cikin yayyafi,
shagon bayan coci, mai ƙararrawa a ƙofa.
Tsoho Trevaskis bai yi dariya ba, na gode masa.
Ya zaro wani ƙarfe mai huji-huji,
ya ce, "Mutanen da, daga waya suka ƙirga.
Duk jan da aka yi mata ta cikin rami
sai ta ƙara sirancewa, lamba ta hau.
Takwas ɗinsu, huɗunki ce.
Sha huɗu, biyu.
Sha biyun nan taki, biyu da rabi.
Ki gode ba takardar Amurka ba ce,
da haruffa za su sha miki kai."
Ya rubuta mini a bayan ambulan.

A hanya na yi ta juya maganar.
Wanda aka fi ja, shi ya fi lamba.
Goggo ta binne miji,
ta jira ɗa guda da teku bai maido ba,
ta tafi siririya, zobe na zame mata.
Ita lambarta nawa ke nan?

Biyu da rabi, to.
Takarda ta ce ido bakwai cikin inci.
Na ƙirga nawa, shida.
Na warware, na sake, shida.
Zaren ya fara lanƙwasa don gajiya,
ni ma haka.

Sai da na karkata takardar ga fitila
na ga fensir, ya kusa bin mai shi:
"Sha ɗaya. Hannuna ya cika matsi. L."

Ashe ita ma ba ta bi ba.
Hannun da ya saba ƙulle kuɗin cefane
bai iya sakin zare ba,
sai ta ƙara wa kwarashi kauri, ta yi shiru.
Nawa kuwa gishiri da ƙanƙara sun sassauta shi,
abin da na riƙe, sako-sako nake riƙewa.
Wannan babu shi a bayan ambulan.

Na sauka zuwa biyu da kwata.
Ɗaya, biyu, na taɓa kowanne da farce,
bakwai.

Ƙarƙashin rubutunta na sa nawa:
"Biyu da kwata, milimita. Hannun Tamsin sake yake."
Na bar fili a ƙasa, kamar faɗin yatsa biyu.

Yarinyar ta zo ranar Talata, ana iska.
Kwana tara hular ta yi mata.