Tauraro da Tsani

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Fitilun tudu sun zubo cikin teku,
ni kuwa ina bene, ofishin kamfanin sanyi,
daga ni sai shayin da ya huce, sai dillalin da ba ya barci.

Dillali nake ce masa, don ba shi da kayan kansa.
Saƙo ya zo, ya dubi goshinsa, ya miƙa wa mai jira.
Bai taɓa leƙa cikin ambulan ba.
Adireshi kaɗai ya sani: kalma, ɗigo, kalma, ɗigo, kalma.
tasha.kudu.zafi
Kwantenar inabi ke nan, tana faɗin zafin jikinta
minti-minti, kamar majinyaci mai yawan ƙorafi.

Kwantena dubu huɗu, wa zai kira kowa da sunansa?
Sai na dasa tauraro a tsakiya,
tasha.*.zafi
na ce kowace kalma ta zauna nan, kudu ko arewa, ba ruwana,
amma ɗaya tak. Kujera ce, ba benci ba.
Shekara biyu muna haka, ba wanda ya ji kanmu.

Ran Laraba Eleuterio ya hau jere na uku
ya ɗaura sababbin ma'aunai.
Mutum ne mai son tsari, sai ya ƙara wa adireshin kalma:
tasha.kudu.sama.zafi
Ya ce ya rubuta mini. Gaskiya ne, ya rubuta,
takardar tana aljihun rigar ruwansa har yau.

Baƙi biyu suka zo, kujera ɗaya.
Tauraro ya dube su, ya kau da kai.
Dillali bai yi ƙarya ba, bai ci amana ba,
tambaya ya yi: akwai mai jiran wannan?
Shiru.
Ya sake shi ya faɗi.

Awa goma sha ɗaya kwantena tana ihu,
digiri shida, digiri tara, digiri sha huɗu,
allona kuwa kore shar, ina ta hamma.
Hanci ne ya kawo labarin da safe:
tan ashirin, guminsu na mutanen Aconcagua, ya fara tsami.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Na tuge tauraro, na kafa tsani,
tasha.#
shi ba ya ƙirga baƙi, ɗaya ko goma, kowa ya hau.
Sai ambaliya.
An buɗe ƙofa, saƙo. An rufe, saƙo.
Batir ya yi atishawa, saƙo.
Kafin rana ta take layi ya cika ya tumbatsa,
ihun da nake nema ya nutse cikin surutu.
Ashe mai jin komai da kurma, uwarsu ɗaya.

Sai da yamma na gane.
Na mayar da tsanin tsakiya, na rufe bayansa da kalmar da nake so:
tasha.#.zafi
Ka bi ta duk inda za ka bi, in dai zafi ne ka kawo, ina nan.

Abu ɗaya ya hana ni barci ran nan, ba inabin ba.
Littafin dillali ya ce tsani yana karɓar ko da babu:
suna kawai, ba komai a bayansa, ya wadatar.

Ƙanena Nahuel ya tafi arewa haƙar tagulla,
shekara shida ke nan, lambarsa ta canja sau uku.
Wataƙila ya ƙara wa kansa kalma, mata ko ɗa ko wani gari,
ni ina nan da kujera ɗaya, ina jiran wanda na sani.

Kafin in kashe fitila na buɗe wani ɗan layi
wanda babu shi a takardun kamfani.
Sunansa, ɗigo, tsani.
Ba abin da zai taɓa shigowa ta nan, na sani, injin kwantena ne.
Na dai bar shi a buɗe.