Hutun Ɗari a Birnin Kebbi

Buhu ɗaya na shanshera na sayar,
na ƙulle kuɗin a lalita,
na ce wa Arzika da Luba su kwanta da wuri:
an ba da hutu, gobe sai birni.
Ba su runtsa ba, ni ma haka,
zakaran Tilli ya tarar da mu muna shiryawa.

Ruwan alwala kamar allura.
Luba ta ɗora rigar sanyi kan rigar Salla,
Arzika ya ja hula har ta haɗiye kunnuwa.
Motar Bunza ta cika maƙil,
akuya a gwiwata, albasa a ƙafata,
direba na tari, inji na amsawa.

Birni ya tarbe mu da ƙarar mashin.
Mai keke ya ce, "Ina zuwa, Malam?"
Na ce, "Ko'ina. Kallo muka zo."
Ya dube ni, ya dubi silifas ɗina,
ya ƙara ɗari biyu, na biya ina murmusawa.

Sau uku muka zaga shataletale
don Arzika ya ce bai ƙoshi ba.
Fitila ta yi ja, motoci suka ƙame.
Luba ta ja hannuna:
"Baba, mi ta ce musu?"
Ban da amsa. Ta yi kore, muka ci gaba da tafiya,
tana waiwayawa.

A kasuwa, shagon Oga Obinna
ya sha ƙananan fitilun Kirsimeti,
ja, shuɗi, ja, kamar taurari na wasan ɓuya.
Matan Zuru na tayin atamfa,
gida za su, bakinsu ba ya rufuwa.
Wata bishiyar roba a ƙofa,
Luba ta tambaya ko tana 'ya'ya.
Ya ce tana yi, ya ciro mata alewa,
ya ƙi karɓar ko sisi da na zo miƙawa.

Suka ce sai askirim, cikin wannan ɗari!
Na saya. Haƙora na kaɗawa, harshe na lasa,
babu mai niyyar dainawa.

Wurin wasan yara akwai lilo mai juyi sama.
Arzika ya noƙe, ya ce sai in da ni.
Ni da ke ratsa gulbi a kwalekwale tsakar damina,
na hau ina taƙama.
Juyi biyu, hulata ta tafi,
salati nake, ɗana na ƙyaƙyatawa.

Muka nufi Ambursa ganin jirgi.
Awa guda muna riƙe da waya, ido a sama.
Mai gadi ya ce ai tun da hantsi ya tashi.
Sai ga balbela ta sauko a hankali,
ta taka filin kamar nata.
Arzika ya ce, "Wagga muna da ita gida,"
ya juya yana shure tsakuwa.

Da la'asar mai keke ya ce, saura Dukku.
Muka hau tudun, ƙafa na nauyi.
Sai ƙasa ta buɗe a gabanmu:
fadama shimfiɗe har inda ido ya gaji,
ruwa kwance cikin fangaloli kamar madubai,
mutane ƙanana kamar tururuwa suna dashe,
hayaƙin injin ban-ruwa na miƙewa.

Shekara talatin ina duƙe cikin wannan laka,
ban taɓa sanin haka take daga bisa ba.
Luba ta nuna wani ɗigo can kudu:
"Ga gonarmu!"
Ba ita ba ce. Ban musa ba.
Wa ke gyara wa yaro abin da ni ma nake nemowa?

Bayan isha muka iso Tilli,
ɗaya a kafaɗa, ɗaya na jan ƙafa,
lalita ta koma fata zalla.
Uwarsu ta ɗaga fitila: "To, mi kuka gani?"
Arzika ya ce, "Baba ya ji tsoro."
Luba ta buɗe tafinta: rabin alewa,
ta narke, ta manne da zaren riga,
tun kasuwa take mata ajiyewa.