Filin Ƙwai

Ba wanda ya auna shi da igiya.
Labbo makaniki ne ya ɗaure birkin wata tsohuwar Fijo,
ya fito bayan garin Kamba don ya gwada ta,
ya zagaye kuka a gabas, ya zagaye ɗorawa a yamma,
ya sake, ya kuma sakewa,
har taya ta zana ƙwai a kan jar ƙasa.
Da ya tsaya, yara sun yi cirko-cirko.
Ni ne ƙaraminsu, da tallan rake a kai.

Mako na zagayowa sai ga Arzika da tasa,
irin waɗanda yake korowa daga Kwatano cikin dare.
Ya ce, "Labbo, taka faci ce bisa faci."
Labbo ya furzar da goro, ya ce, "Shiga mu gani."
Ranar ba alƙali, ba tuta,
sai gardama da ta wuce isha'i tana tafe.

Daga nan abin ya yi saiwa.
Aka binne tsofaffin tayoyi rabi, aka shafe su da farar ƙasa.
Nomau mai tanka ya riƙa yayyafa ruwan fadama da hantsi
don ƙasa ta kwanta, ta riƙe taya.
Tuta kuwa ƙyallen tela ce, baƙi da fari.
Hassi mai ƙosai ke riƙe da lissafi:
kowace mota da ƙoƙonta,
kowane zagaye tsakuwa ɗaya.
Ba a taɓa kama ta da son kai ba,
ko ranar da ƙanenta ya zo na biyu.

Kyauta? Jarkar mai. Wani sa'in rago.
Wata shekara buhun shinkafa,
aka rabe shi tun bai kai gida ba.
Daga Gaya ake zuwa, daga Bunza, daga Dole Kaina bisa keke,
Zabarmanci da Hausa suna karo a iska,
inji ya fi su duka murya.

Kwanar kuka ce ba ta san girma ba.
Ka shige ta da zafi, ta watsar da kai,
ka ji tsoronta, a bar ka a baya.
Nan Jabbi ya kife wata Asabar,
taya huɗu na kallon sama suna juyi.
Muka yi tsit har ana jin ɗigar mai.
Ya rarrafo ta taga, hannu na reto,
bai ce wayyo ba, ya ce, "Hassi, tsakuwata nawa?"
Ta ce, "Tara."
Ya ce, "Aje mini su."
Bai sake riƙe sitiyari ba.

Ba rana ɗaya filin ya mutu ba.
Mai ya yi tsada. Iyaka ta rufe, ta buɗe, ta rufe.
Samari suka koma kan babur.
Arzika ya tafi Ikko, ko saƙo.
Idon Labbo ya dushe, ya koma duba mota da kunne:
"Waccan filoginta guda ya mutu, ku tsai da shi."
Iskar bazara ta kayar da ɗorawa, aka sassaƙa turame.
Magada suka zo da takarda, aka raba, aka sa garma.

Yau gero ne a wurin.
Amma hau tudu a tsakiyar damina ka duba:
inda taya ta daɓe ƙasa,
inda baƙin mai ya tsiyaya shekara ashirin,
geron bai kai ƙugu ba.
Zobe guda cikin kore, ƙwan na nan kwance.
Mai gonar na tsaki, yana ƙara taki,
ƙasa ta ƙi mantawa.

Jiya na je gaida Hassi. Jikanya ke suya yanzu.
Can ƙuryar ɗaki, bayan kwanoni,
na hango ƙoƙo da tsakuwa tara.
Na ce, "Inna, ai Jabbi ya rasu tun bara."
Ta ce, "Na sani.
Ajiya ya ba ni. Bai ce in zubar ba."