Inda Ruwa Ya Kwana

Biyar da rabi, tafkin Erie bai gama farkawa ba,
Orrin Stoltz ya riga ya hau,
guduma a ƙugu, ƙusa uku a baki.
Ni ina biye, sabon shiga,
ina ƙirga matakan da ya daina ƙirgawa
tun ban zo duniya ba.

Jirgin lilo ne na katako,
wanda yara ke bin layi da rana don ya wujijjiga su.
Da asuba kuwa tsit yake, sai ƙamshin giris da raɓa.

Na ce: jiya wata ta sauko dafe da wuya,
wai na ƙarfen can sulɓi yake kamar man shanu,
namu kuwa dukan tsiya ya yi mata.
Me ya jawo?

Bai tanka ba. Ya durƙusa ya ɗana wa layin guduma.
Ƙwal. Ya matsa gaba.
Ƙwal. Ya matsa.
Kwaf.
Ya zare ƙusa daga baki: ka ji? Nan ruwa ya kwana.

Itace, ko an sare shi, ba ya daina sha.
Ya sha ya kumbura, rana ta fito ya tsuke,
ƙanƙarar Janairu ta sami tsaga ta buɗa,
ƙusa ta saki da kaurin silin gashi.
Silin gashin nan, in tarago ya taka shi a guje,
shi ne naushin da matar ta sha.

A rumfar gyara Marisela ta kama hannuna
ta cusa ƙarƙashin tarago.
Taya a bisa, taya a gefe,
wata daga ƙasa ta riƙe kada a tashi sama.
Ta ce taɓa nan, tsakanin ta gefen da layi.
Rata ce, 'yar mitsitsiya.
A cikinta tarago ke laluben hanya,
ya bugi hagu ya bugi dama
kamar mai neman ƙofa a ɗakin da aka ɗauke wuta.
Na makwabta tayarsu sanye take da roba,
an matse ta da sifirin, ba ta da wurin yin shawara.

Sai kuma wanda ya zana shi,
ƙasa ta daɗe da rufe masa ido.
Fensir gare shi, da igiya, da ƙarfin hali.
Miƙaƙƙen layinsa faɗa wa kwana yake babu sallama.
Na yanzu kwamfuta ta koya musu ladabi,
suna karkata sannu sannu
kamar mai shiga gidan surukai.

Mun cire katako huɗu kafin takwas.
Ɗaya ya marmashe a hannuna, baƙi, yana warin rijiya.
Orrin ya miƙe, gwiwarsa ta ce ƙas,
ya dube ta ya ce: ke ma ruwa ya kwana.

Gwajin safe ni aka sa, a kujerar ƙarshe,
wadda ke zaune daidai kan taya,
wadda sauran ke fizga daga tsauni kamar jelar bulala.
Giris bai yi ɗumi ba, jirgin na jan jiki,
duk da haka haƙorana sun gaisa da juna,
ƙarfen tsaro ya ƙulla zumunci da cinyata.
Na zo inda muka gyara, na ɗaure ciki,
ina jiran bugun da na sani.
Bai zo ba.
Har na waiwaya.

Goma aka buɗe ƙofa.
Wata yarinya mai giɓi, tsawonta da ƙyar ya kai sandar awo,
ta wuce kujerun gaba duka, babu kowa a kansu,
ta tsaya a layin ta ƙarshe.
Orrin na cin burodinsa a kan akwatin ƙusa.
Ya nuna min kwana ta uku da haɓa:
gobe can za mu fara, ka zo da safar hannu.