Ƙofa Biyu

Ranar kasuwar Jega ta iso garejina,
ja wur kamar tattasai a faifai,
cikinta na neman shafar ƙasa.
Lauwali ya saki sifana, ya miƙe baki buɗe.
Ni kuwa na ci gaba da wanke fulogi,
kada ɗan ƙanwata ya ga ta burge ni.

Zayyanu ya fito da ƙyar, gwiwa kafin kai.
Ya ce, Kawu, ta bana ce.
Ta bara ma haka take, sai dai wannan
an matse mata ido, an buɗa mata hanci,
an ƙara wa injin numfashi,
tayoyinta na kama kwalta kamar kaska.
Kafin ka ƙirga biyar ta kai ɗari.

Na ce, ɗarin zuwa ina?

Na ɗaga bonet.
Shekara talatin da ɗaya ina karanta cikin mota
kamar yadda liman ke karanta allo,
yau ga shafi an rufe da baƙar roba,
babu inda yatsa zai shiga ya gaisa.
Na kasa kunne. Ba tari, ba ƙorafi,
sai gurnani can ƙasan maƙoshi,
irin na wanda ya ƙoshi yake neman faɗa.

Ya ce in ɗana.
Na goge hannu har sau uku, na shimfiɗa kwali a kujera.
Babu makulli ma, maɓalli ne.

Da muka bar gari, hanyar Aliero ta miƙe,
na ɗan taɓa ta, wallahi taɓawa kawai,
sai kujera ta rungume ni ta baya,
gonakin albasa suka zama kore guda,
hulata ta koma ƙeya,
shekaruna suka zube a titi ɗaya bayan ɗaya
har na tsinci kaina ina dariya
da muryar yaron da ya saci keken babansa.

Sai ga tudun rage gudu a bakin gari.
Mai gurnanin nan ta tsaya cik,
ta hau shi a karkace kamar ƙaguwa,
duk da haka ƙasanta ya ce ƙiiit.
Zayyanu ya dafe ƙirji.
Wani mai jaki ya wuce mu, ya yi mana sannu.

A ƙofar gida Hajo ta fito da sandarta,
ta zagaya ta sau biyu tana neman ƙofar baya.
Aka kwantar mata da kujera, ta leƙa,
ta ga wurin da ko akuya sai ta naɗe ƙafa.
Ta ce, wagga mota ba ta da zumunci.
Kai da wa za ku shiga? Ni da gwiwata fa?
Ta sa aka kawo buhun albasa, tsarabar Abuja.
But ya karɓi rabi, ya ƙi rufuwa.

Da la'asar ya tafi.
Mun ji ta tana yage iska har bayan ta ɓace.
Buhun na nan jingine a garejina,
gobe zan ɗora shi a tsohuwar bas ɗin Mamuda,
wadda nake ɗaure wa salansa da waya,
mai cin mutum goma sha takwas da kajinsu.

Na gaya wa Lauwali, gaskiyar Hajo ce,
abin wasan masu kuɗi ne, koma bakin aikinka.

Amma da dare, bayan na kashe fitila,
ƙafata ta dama ta ƙi barci.
Tana ta danna tabarma a hankali,
tana neman wurin nan
tsakanin Jega da Aliero.