Kashin Shanun Dobri

Uwata Stanka ta shekara goma sha tara
tana ɗura garin nakiya cikin bama-bamai
a masana'antar da ke gindin duwatsun Balkan.
Tafin hannunta ya rine, ya koma ruwan ɗorawa,
sabulu ya gaza, toka ta gaza.
Burodin da take gutsura mana
ɗaci-ɗaci yake bari a ƙarshen harshe,
mu kuwa mun ɗauka haka burodi yake.

An rufe wurin ina da furfura biyu a gemu.
Jiniya ta yi shiru, tagogi suka zube,
amma tafkin bayan katanga bai daina ja ba,
kamar ruwan da aka wanke nama.
Ko kwaɗo ba ya kuka a can.
Shamuwa takan zo, ta kewaya sau ɗaya, ta wuce.

Bara, da ƙanƙara ta soma narkewa,
wata yarinya ta tsaya a bakin garkena,
takalmin roba har gwiwa, littafi a hammata.
Ta ce sunanta Raina, daga jami'a take.
Ta ce, "Kawu Dobri, kashin shanunka nake saye."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ƙasar da ta sha dafi shekara hamsin,
kashin Belka da maraƙinta ne zai warkar da ita?

Ta tsuguna, ta ɗebo kaɗan a yatsa.
"A nan akwai masu rai da suka fi mutanen Sofiya yawa.
Ba ka ganinsu, amma yunwa gare su.
Ka ba su abin da suke so,
sai su haɗiye dafin tare da shi,
kamar yaron da aka ɓoye wa magani a zuma."

Muka kwaɓa:
taki, harawa, garin katako,
ɓawon dankalin da makarantar garin ke zubarwa,
da ƙasar nan mai ƙyalli wadda ko kare ba ya tona.
Muka ja kunya-kunya masu tsawo, tsayin ƙirjina.

Tulin farko ya mutu.
Ruwan sama ya kwana uku a kansa,
ya shaƙe, ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Raina ta yi ƙwallo da bokiti, ta shige mota ta rufe ƙofa.
Na ƙwanƙwasa gilashi na ce,
taki kamar saniya yake, 'yata,
in ba ya numfashi ba ya aiki.
Muka kafa rumfa. Muka sake.

Ran na tara da asuba na ga tururi
yana tashi daga kunyoyin cikin sanyi.
Ta soka ma'aunin zafi mai tsawon mashi,
ta duba, ta sake dubawa, ba ta ce komai ba,
sai kunnuwanta da suka yi ja.
Duk kwana uku tarakta ta juya tulin,
duk Laraba ta kai kwalabe birni,
lambobin littafinta suna ramewa a hankali.

Cikin kaka ta zo da tana goma a gwangwani,
ta sake su a ƙasar da muka dafa.
Bayan mako biyu muka zazzage a kan jarida.
Ni na ƙirga, don hannunta rawa yake:
takwas, tara, ga ta goma can tana neman gudu.

Ba a gama ba. Kusurwa ɗaya ce cikin fili mai faɗin gari,
tafkin ma yana nan da jansa,
kuma ta hana ni shuka ko albasa tukuna.
Amma da yamma, in ma'aikata sun watse,
nakan cire safar hannu, duk da ta hana,
in tura hannuna cikin sabon tuli har wuyan hannu.
Ɗumi ne a ciki, irin na tafin Stanka
in ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ya sauka.
In na zaro, nakan duba.
Baƙi ne. Baƙin ƙasa kawai.